Na Je Sudan Neman Sa Hannun Ɗana

Abu ɗaya nake so a ce ban aikata ba a rayuwata, kuma da shi zan fara, domin ba don shi ba da babu abin da zai kai ni Sudan da furfurata.

Ɗana na fari, wanda muke ce wa Babba a gida, yana aji biyar na firamare na cire shi daga makaranta. Ina da dalili a lokacin. Wani malami ya mayar da yara 'yan aikin gonarsa, ran nan yaron ya dawo gida da saran fartanya a ƙafa. Na ce daga yau ni zan koyar da shi. Kuma na koyar da shi iyakar abin da na sani, a shagona na dukanci a Malam Madori: Alƙur'ani, littattafan fiƙihu, lissafi, da ɗan bokon da na tsinta zuwa aji huɗu. Abin da ya fi ƙarfina na kai shi wurin wani maƙwabcinmu masanin Larabci. Mai unguwa ya zo, na sallame shi. Jami'in ilimi ya zo, na ce masa ɗana nawa ne, gwamnati ba ta taya ni raɗa masa suna ba. Daga ƙarshe hedimasta ya zo da kansa, mutum mai haƙuri. Ya ce ya ji, in ci gaba da koyar da shi a gida, amma ga takardar shiga jarrabawar gama firamare, in sa hannu kawai yaro ya zauna tare da 'yan ajinsu. Takarda ce mai kauri. Ina cikin yankan takalmi a lokacin. Na karɓa, na ɗora tafin takalmi a kanta, na zana, na yanke ta na yi ma'auni da ita a gaban idonsa. Mutanen da ke zaune a shagon suka yi dariya. Ni ma na yi.

Tun da na dawo daga tafiyar nan mutanen majalisarmu ta bakin masallaci ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce da gaske ne kullum wake suke ci? Wancan ya ce yaya ruwan Nilu yake? Kowa na ba shi guntun labari, ina tsallake dalilin tafiyar. Yau na ga gara in rubuta shi duka, har da wurin da ba ya yi mini daɗin faɗa.

Da Babba ya kai shekara ashirin da huɗu, abokansa biyu za su tafi jami'ar Musulunci a Khartoum, ya bi su. Ya fi su Larabci nesa ba kusa ba, shi ke gyara musu wasiƙa. Da suka isa aka ce kowa ya kawo takardar gama sakandare. Su suka shiga, shi aka bar shi a bakin ƙofa. Kunya ta hana shi dawowa. Ya samu aikin buga jan bulo a Aljirif, a bakin kogi, ya auri Nafisa, jikar wasu mutanen Katsina da suka taso aikin hajji a ƙafa tun zamanin da, suka yada zango a can ba su ƙara gaba ba. Shekara goma sha bakwai ke nan, sau biyu kawai ya zo gida.

Nafisa ce ta aiko wa uwarsa saƙon murya ta waya. Ta ce babbar 'yarsu Hawwa ta kai shekarun jarrabawar gama matakin farko, wadda suke ce wa shahadar asas. Ubanta bai taɓa sa ta a makaranta ba, a gida yake koyar da ita ita da ƙannenta. Hukumar ilimi ta yarda yaron da ya yi karatu a gida ya zauna jarrabawar, amma sai uba ya je da kansa ya sa hannu, kuma ƙarshen wata za a rufe rajista. Shi kuwa ya ce ba zai je ba. Matata ta kunna mini saƙon sau biyu, sannan ta ajiye wayar ta ce, "Malam, wurinka ya gani. Kai za ka je."

Ban yi musu ba. Na sayar da tumaki biyu, na kama hanya.

Daga Maiduguri muka bi ayarin motoci zuwa Gamboru. Kafin in bar gida an tsorata ni da labarin ɓarayin hanya, don haka na yi abin da baduku zai yi: na ɗinka ɗamarar fata mai ninki biyu, na sa fasfo da katin rigakafi da guzurina a ciki, na ɗinke bakin ruf da ɗinki mai kyau, irin wanda nake yi wa jakar ango. Ban tuna cewa za a nemi ganin fasfon ba sai da muka isa gadar shiga Kamaru. Jami'i ya miƙo hannu. Na ɗaga riga, na kwance ɗamara, na zauna a kan benci ina farke ɗinki da basilla, mota cike da mutane tana jirana. Wata Hajiya Fanna, 'yar kasuwa mai sayo kayan turaren wuta daga Sudan, ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, in ka gama ka ɗinka mini irinta in sa mijina a ciki, ko ya daina yawo." Har jami'in sai da ya yi dariya. Amma taurin kai bai bar ni ba, muna tashi na sake ɗinkewa. A Kusuri, bakin shiga Chadi, na sake farkewa. A nan Hajiya Fanna ta ƙwace fasfon ta jefa a jakarta, ta ce ita za ta riƙe har Umdurman, tun da Allah Ya haɗa ta da tsohon da ba ya jin magana.

Matar nan ta yi mini rana. Ta san kowace tasha, ta san inda ake sayar da abinci mai tsabta, tana jin Larabcin Chadi kamar ruwa. Daga Njamena zuwa Abashe kwana biyu muka yi, taya ta fashe sau uku. A Adire, garin ƙarshe kafin Sudan, wani jandarma ya tambaye ni abin da zan je yi. Na haɗo Larabcina na littafi, na jera masa jimla mai wasali cikakke. Ya dube ni, ya juya ya ce wa abokinsa wani abu, suka fashe da dariya. Hajiya Fanna ta ce, "Cewa ya yi huɗubar Juma'a kake masa alhali yau Talata." Daga Jinaina, babban garin farko a cikin Sudan, muka samu babbar bas mai sanyi. Na yi ta kallon hanya ina lissafin kwanakin da suka rage kafin a rufe rajista. Kwana tara na yi a hanya, saura shida.

A Umdurman, tsallaken kogi daga Khartoum, bas ta sauke mu. Hajiya Fanna ta nuna mini masauki, su lokanda suke ce masa, ta miƙo mini fasfona, muka yi sallama. Masaukin nan ba ɗaki ake kamawa ba, gado ake kamawa. Gadaje ne na katako da aka saƙa da igiya, an jera su a tsakar gida a fili, kowa da nasa, kayanka a ƙarƙashinka. Da safe na fito neman mai shayi, na yi ta duba teburi da tulin biredi irin namu ban gani ba. Ashe a can mata ne ke sayar da shayi, kowace a gindin bishiya da kurfotinta da kwalaben kayan ƙamshi, manyan mutane da rawuna suna zaune kewaye da ita a kan 'yan kujeru. Na sha wani kofi mai citta da ake ce wa jabana, ya sa ni gumi har cikin hula. Abincin safe kuwa ba a ci sai rana ta ɗaga sosai, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ga amsarku, masu tambaya: e, wake ne, ful sunansa, a dama shi da man riɗi da albasa a ci da biredi. Mutum biyar da ban taɓa gani ba suka kira ni cikin kwanonsu, da na ce na ƙoshi sai ɗaya ya kamo hannuna ya zaunar da ni. A wajen ciyar da baƙo sun fi mu, wannan zan faɗa ko'ina.

A ƙaramar bas da ta haye da ni kogi na kusa yin rigima. Kwandasta ya zo kaina yana ƙyasta mini yatsu a fuska. Na ce a raina, ni sa'an ubanka, ni kake kira kamar akuya? Na ɗaure fuska na ƙi kallonsa. Sai na ga wani dattijo mai farin gemu shi ma ya ƙyasta yatsu, mota ta tsaya ya sauka. Ashe haka ake karɓar kuɗin mota, haka ake cewa a tsaya. Na ciro kuɗi na biya.

Gidan Babba a unguwar Alhilla Kuku yake, ɗaki biyu da rumfa. Ya tarbe ni a bakin titi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki jakata ya wuce gaba. Na ga bayan hannuwansa duk sun tsattsage. Na kawar da kai.

Ku kun san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama hira da shi ba. Ko lokacin da nake koyar da shi, in biya ne ya maimaita, shi ke nan. Duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin uwarsa take bi, ga shi uwar tana Malam Madori. Kwana biyu ina gidan, yana fita aiki bayan asuba, ya dawo da yamma ya gaishe ni daga bakin rumfa, ya sa a kawo mini kisra, wani abu kamar sinasir amma siriri kamar takarda, da miyar busasshiyar kuɓewa. Ran nan har tsire ya sayo mini, su agashe suke ce masa, kuma mutanenmu ne ke yin sa. Maganar da ta kawo ni kuwa ko kusa da ita ba mu je ba.

Hawwa ce abokiyar hirata. Doguwa ce siririya, bakinta ba ya hutawa, Hausarta rabi Larabci.

"Jiddu," haka take ce mini, wato kaka, "an ce kai ma mu'allim ne. To nawa ne bakwai sau goma sha uku?"

"Ni da na zo hutawa za ki sa ni aiki? Je ki koyi Hausa tukuna, kina magana kamar rediyon da ya kama tasha biyu."

"Ba ka sani ba ke nan. Tis'in da ɗaya. Tsoho ya faɗi imtihan, ya faɗi jarrabawa!"

Na ga inda ubanta ke koyar da su. Ya shafe bango ɗaya da baƙin fenti ya zama allo. Ya sayo tsofaffin littattafan makarantar gwamnati a kasuwar Umdurman, na lissafi da kimiyya da tarihi, ya ɗinke waɗanda suka yage. Duk yamma, da gajiyarsa da komai, sai ya zauna da su awa biyu. Abin da na yi masa ne, amma nasa ya fi nawa kyau sau goma.

Na tambayi Hawwa me take so. Ta daina wasa, ta ce, "Ina so in shiga sanawi, makarantar gaba. Abuy, babana, ya iya komai, amma ya ce kimiyyar da ke gaba sai da ɗakin gwaji. Ba a shiga sai da shahada."

A nan na yi kuskure na biyu, kuma irin na farkon ne, yanke hukunci a kan yaro ba tare da an tambayi kowa ba. Na ce wa Nafisa ta shirya, gobe in ya fita za mu je ofishin ilimi, ni zan sa hannu. Ta ce, "Baba, wallahi ina tsoron mushkila, kada rigima ta tashi." Na ce ni na haife shi, hannuna ya fi nasa.

Sai da muka fara zuwa asibiti, domin a gida aka haifi Hawwa, ba ta da takardar haihuwa. A can idan babu wannan takarda likita ne ke ƙiyasta shekarun yaro. Ya ce ta buɗe baki, ya duba haƙoranta sama da ƙasa, ya rubuta. Na ce mata, "Haka nake yi wa rago a kasuwar Maigatari kafin in taya." Ta ce, "Kai in aka duba naka sai a rubuta jariri, tun da babu ko ɗaya." Muka ɗauki hoto, muka hau raksha, wato a-daidaita-sahunsu, zuwa ofis.

Wata mata muka samu, mai kimanin shekara hamsin, da farin lulluɓi irin na ma'aikata, kowa na ce mata Ustaza. Nafisa ce ke fassara inda na kasa. Ustaza ta miƙa wa Hawwa jarida ta ce ta karanta, ta karanta ba gargada. Ta rubuta mata lissafi uku, ta warware su tana tsaye. Matar ta cire tabarau ta ce, "Wa ya koyar da ke?"

"Abuy."

"To ina yake?"

Na gyara zama na ce ni ne uban ubanta, daga Nijeriya na zo, a ba ni in sa hannu. Ta ce uban yana raye? Na ce yana raye. Yana garin nan? Yana nan. Da hankalinsa? Da hankalinsa.

"To ya Hajj, haƙƙinsa ne. Ba zan karɓi hannun kowa a kan 'yarsa ba yana raye."

Raina ya ɓaci. Na ce to ba hukuma ba ce ku? Ba doka ta ce kowane yaro ya samu ilimi ba? Ku aika masa 'yan sanda, ku tilasta shi! Ni ne fa nake faɗin haka, ni da na kori jami'in ilimi daga ƙofar shagona.

Ta ce, "Muna iya aika takarda, muna iya zuwa gida. Na sha yi. Ka san abin da ke biyo baya? Uban ya kwashe iyalinsa ya koma wata unguwa, yarinyar ta ɓace mana gaba ɗaya. Kai ba ka san irin waɗannan iyaye ba, ya Hajj. Idan aka matsa musu, yaran ne ke biya."

Na ce wa Nafisa, "Gaya mata na san su. Gaya mata ni ne." Nafisa ta sunkuyar da kai ba ta fassara ba, sai na faɗa da Larabcina na huɗuba. Ustaza ta dube ni, ta tura mini takardar, ta ce, "Ranar Alhamis da azahar nake rufe littafin nan. Ka kawo shi."

Ran nan Talata ce. Da yamma Hawwa da kanta ta gaya wa ubanta inda muka je, domin ya hore ta ba ta ɓoye masa komai. Bai ɗaga murya ba. Bai yi karatu da yara ba ranar. Can sai ga Nafisa ta zo bakin rumfa, idonta ya yi ja, ta ce, "Baba, wai ya ce in tambaye ka wace rana kake so a kama maka kujerar mota."

Korar da ɗa mai ladabi ke yi wa ubansa ke nan. Na ce ta ce masa zan faɗa masa da bakina.

Da safe na sa Nafisa ta kwatanta wa mai raksha wurin aikinsa, na tafi Aljirif ni kaɗai. Bakin kogin duk ramukan laka ne da layukan bulo ana shanya, ga manyan tsibi da ake ƙona su a ciki, kamina suke ce musu, hayaƙi na tashi. Na hango shi cikin masu kwasar busasshen bulo suna jerawa a kamina. Ya gan ni, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya nuna mini inuwa, ya koma aikinsa. Na gane in na zauna a inuwar nan har Alhamis ta wuce gaisuwa kawai zan samu.

Na tuɓe babbar rigata na rataye a bishiya. Na je na ɗebi bulo huɗu na rungume, na shiga layi.

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wani yana cewa, "Haram, ya Hajj!" Wani dattijon ma'aikaci, Bahaushen can, ya kira Babba da sunansa ya ce, "Kai, tsohonka aiki ya zo nema? Gaya masa mun cika, kuma ba ma ɗaukar wanda ya girmi kaminar!" Na kai huɗun nan, na dawo na ɗebi wasu. A zuwa na uku ƙirjina ya fara zafi. Babba ya sha gabana, ya kama bulon da ke hannuna.

"Baba, don girman Allah ka ajiye. Mutane na kallo."

"Su kalla. Ba zan ajiye ba sai ka zauna ka ji ni."

"Na ji. Ka ajiye."

"Ba ka ji ba. Zauna tukuna."

Ya zauna a kan tarin bulo. Ni ma na zauna, ina fuskantarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife shi. Na fara da laifin jiya, na ce zuwa ofis a bayan idonsa ban kyauta ba, 'yarsa ce. Sannan na tambaye shi me ya hana shi sa hannu.

Ya daɗe yana murza laka a yatsunsa. Sannan ya ce, "Kai ka koya mini uba ke da ɗansa. Ranar da aka hana ni shiga jami'a abokaina suka ce ubanka ya cuce ka. Na yi faɗa da su, har yau ba ma magana. Shekara goma sha bakwai duk wanda ya taɓa maganar nan ina ce masa ubana ya yi daidai, takarda ba ilimi ba ce. Da wannan nake tashi da asuba in zo nan. Yanzu in na je na sa hannu, na ce musu sun yi gaskiya ke nan. To ni kuma me zan ce na yi da rayuwata?"

Ashe duk shekarun nan ni yake karewa. Ni ina can ina ɗinkin takalmi, yarinya tana shirin rasa makaranta don kada a ce na yi kuskure.

Na ce, "Sun yi gaskiya. Na cuce ka. Karatun da na ba ka ban yi nadamarsa ba, kai ma kada ka yi nadamar wanda ka ba Hawwa, matar ofis da kanta ta yaba. Amma ranar da hedimasta ya zo, ba don kai na ƙi ba. Don mutanen da ke zaune a shago ne, don a ce Malam ba ya tsoron hukuma. Ban tambaye ka ko kana so ba. Ka yafe mini."

Ya yi sauri ya ce abin da kowane ɗa ke cewa: "Haba Baba, ba ka yi mini komai ba. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

"A'a. Kada ka rufe ni da wannan. Na yi maka. Dubi hannunka. In ka ce ban yi komai ba, gobe ma ba za ka je ba."

Ya juya fuska wajen kogi. Na ga kafaɗarsa tana motsi. Ma'aikatan nan, Allah Ya saka musu, kowa ya kama gabansa kamar ba su gani ba. Da ya samu kansa ya tashi, ya ɗauko rigata ya kakkaɓe ya miƙo mini, ya ce, "Ka koma gida, Baba, rana ta yi zafi." Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar Alhamis bayan asuba ina zaune a rumfa ina jiran in ji ƙarar ƙofa. Ban ji ba. Rana ta fito, sai ga shi ya fito daga ɗaki cikin farar jallabiya da rawani, ba kayan aiki ba. Ya ce wa Hawwa, "Ɗauko hotunanki."

A ofis shi da Ustaza suka yi ta ja, da Larabcin da ya fi ƙarfin kunnena, Nafisa tana raɗa mini. Ya ce a gida za ta ci gaba da karatu har ranar jarrabawa, ba zai kai ta aji ba. Ustaza ta ce wannan nasa ne, amma nata shi ne yarinya ta zo makarantar unguwa sau biyu a yi mata gwaji kafin ranar, a ga inda take da rauni. Ya ce shi ya san inda take da rauni. Ta ce to ya bari su ma su sani, ba a kansa za a rubuta sakamako ba. Daga ƙarshe ya ce sau biyun ya yarda, amma shi zai kai ta ya dawo da ita. Ta ce ko a kafaɗa ya ɗauko ta, ita dai ta gan ta. Ya karɓi alƙalami ya sa hannu. Hawwa ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Jiddu, kai ka faɗi naka, ni zan ci nawa." Na ce Allah Ya sa, 'yar nema.

Na ƙara kwana huɗu. Babba da kansa ya raka ni tashar Umdurman, ya sa mini jaka a mota, ya sayo mini dabino da garin karkade, wato zoɓorodo, in kai wa uwarsa. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba. Amma ya zauna kusa da ni a benci har mota ta cika, yana ba ni labarin yadda ake gane bulon da ya ƙonu da kyau daga ƙararsa. Hirarmu ta farko ke nan.

Ban san ko Hawwa za ta ci jarrabawar ba, sai nan da 'yan watanni. Sunanta dai ya shiga littafi. Shi kuwa ubanta, gobe da asuba yana bakin kogi cikin laka, shekararsa arba'in da ɗaya, kuma babu ofishin da zan je a mayar masa da abin da na hana shi.

Don haka ga roƙona gare ku, ku na majalisa da duk wanda takardar nan ta isa hannunsa. Wanda ya ga zai iya koyar da ɗansa a gida, ya koyar, haƙƙinsa ne, na ga inda aka yi haka aka dace. Amma in hukuma ta zo da hanyar da yaro zai wuce gaba, kada ka toshe ta don a yaba maka taurin kai. Ka tambayi yaron. Wanda kuma ya riga ya yi irin nawa, kada ya jira shekara talatin, kada ya aika uwa ta faɗa masa. Ya tashi ya je da ƙafarsa, ya faɗa da bakinsa, tun yaron bai fara yi wa nasa 'ya'yan ba.